Likitar Sha-ka-tafi

Marin da Yaya Kabir ya ɗauke Hasana da shi sai da ya fitar mata da ɗankunne, ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera. Ta dafe kunci, kunnenta yana ƙugi, falon gidan yana juyawa da ita.

"Maimaita!" ya daka mata tsawa. "Na ce ki maimaita abin da kika faɗa a gaban baƙo!"

Baƙon kuwa, Dokta Aminu, yana zaune da kofin lemo a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Abokin Yaya Kabir ne tun na makaranta, yanzu malami ne a wata babbar jami'a a can Kudu, kuma shi ya yi ruwa ya yi tsaki har Hasana ta samu gurbin karatun likita a wurinsu. Kowa a gidan ya san da biyu ya yi. Turarukan da yake aikowa sun cika gaban madubin Hasana, ko murfin ɗaya ba ta taɓa buɗewa ba.

Hasana ta haɗiye kuka. "Cewa na yi ban gama shawara ba, Yaya."

"Ƙarya kike yi! Cewa kika yi hankalinki ya fi kwanciya da makarantar nan ta kusa!"

Makarantu biyu ne suka kira Hasana a lokaci guda, bayan ta gama digirinta na farko a kan ƙwayoyin cuta. Ta su Dokta Aminu makarantar bincike ce, likitocinta yawanci a ɗakin gwaje-gwaje suke ƙarewa, suna bin diddigin cuta har su gano maganinta. Ɗayar kuwa sabuwa ce, a nan bayan gari, tana horar da likitocin da za su zauna a ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye, waɗanda ake kira sha-ka-tafi. Ranar Litinin dukkansu za su rufe rajista, yau ga shi Asabar.

To, a irin wannan ƙaramin asibitin Hamza yake aikin malamin asibiti, a nan Unguwar Dosa. Hamza ɗan Baba Ɗanasabe, wanzamin gidansu. Shi ne wanda Hasana ta ce in ba shi ba sai rijiya, shi ne kuma wanda Yaya Kabir ya rantse ba zai taɓa zama surukin gidan nan ba. Tun rasuwar mahaifinsu kuwa, maganar Kabir ce magana a gidan.

Umma ta fito daga ɗaki da gudu, ɗankwali a hannu. Ba ta kiran sunan Kabir, don shi ne ɗan fari.

"Yayansu, mene ne haka? A gaban mutane za ka dake ta? Budurwa ce fa, ba yarinya ba!"

"Umma, ki tambaye ta. Ki tambaye ta inda za ta kai karatun da muka sha wuya a kansa. Likitar sha-ka-tafi za ta zama! Don ta zauna kusa da ɗan wanzami, suna raba wa mutane ƙwaya bibbiyu!"

Dokta Aminu ya ajiye kofi, ya gyara murya, ya sassauta ta kamar mai lallashin yaro.

"Hasana, ni ba na goyon bayan duka. Amma ki duba. Ƙwaƙwalwa irin taki a ɓata ta wajen auna zafin jiki? A wurinmu akwai masu aiki a kan sikila dare da rana. Wa ya sani, ko a hannunki Allah zai kawo maganin da zai ceci dubban yara?"

Wallahi da ƙarya ya yi da abin ya zo mata da sauƙi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta soke ta. Hasana tana son bincike kamar ranta. In ta sa ido a madubin duba ƙwayoyin cuta, mantawa take da yunwa, ta manta da ciwon baya. Tun ranar da aka binne Usaina, 'yar biyunta, take mafarkin ta tsaya gaban cutar nan ta sikila ido da ido. Sai dai duk lokacin da ta wuce ta ƙofar asibitin unguwarsu, ta ga mata a kan benci da yara a cinya suna jiran likitan da babu shi, sai mafarkin ya yi sanyi.

"Na sani, Dokta," ta ce a hankali. "Amma kafin a gano maganin, su waɗanda ke kan benci yau wa zai duba su?"

Kabir ya yi wata irin dariya mara daɗin ji.

"Benci? Ni za ki gaya wa benci?" Ya buga ƙirjinsa. "Ni na ɗauki Usaina a hannun nan. Ni na kwantar da ita a kan bencin da kike magana, tana murƙususu, tana kiran sunana. Wata mata ta fito da ƙwaya biyu da kofin ruwa, ta ce a ba ta ta sha mu tafi babban asibiti. Ta sha, Hasana. Ta sha, ta tafi! Ko unguwar Kawo ba mu kai ba ta cika a cinyata. Shi ne wurin da kike so ki sa farar riga ki zauna?"

Umma ta zube a bakin kujera, ta rufe fuska da ɗankwali.

Hasana hawaye ya ɓalle mata. "Yaya, ni ma ina wurin. Ina riƙe da ƙafarta. Ba wurin ne ya kashe ta ba, rashin likita a wurin ne. Da akwai wanda zai sa mata ruwa, ya…"

"Rufe min baki!"

Daidai nan wayarta ta ɗauki ƙara a kan tebur. Kai, wannan kira bai zo a sa'a ba. Kabir ya riga ta kai hannu, ya ga sunan Hamza a jiki, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ɗaga wayar ya maka ta da bango, ta tarwatse, gilashin ya fantsama har cikin kofin Dokta Aminu.

"Shi ne yake hure miki kunne ko? Yau zan nuna masa iyakarsa."

"Yaya, wallahi ba haka ba ne! Tsaya ka ji!"

Ta riƙe masa riga. Ya fincike, ya hankaɗa ta, ta bugu da gefen ƙofa har leɓenta ya fashe. Umma tana kiran "Yayansu! Yayansu!" amma ina, ya riga ya fice. Suka ji ƙarar buɗe but ɗin mota, suka ji ƙarar ƙarfe, sannan motar ta tashi da wani irin ƙugi.

Dokta Aminu ya miƙe yana karkaɗe rigarsa. "Ni fa bari in wuce. Harkar gida ce wannan."

Ko kallonsa Hasana ba ta yi ba. Ta fizgi mayafin Umma, ta fita ba takalmi.

Tana gudu tana kuka, abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Yaya Kabir bai san komai ba. Shekaranjiya da yamma, a zauren gidansu, da ta gaya wa Hamza tana tunanin zama, ɓata rai ya yi.

"Ki tafi, Hasana," ya ce mata. "Ki tafi makarantar binciken nan. Ni na san abin da ke cikin kanki, ya fi ƙarfin ɗakinmu mai gado biyu. In kin zauna saboda ni, wata rana za ki dube ni ki tsane ni."

"In na tafi kuma, Dokta Aminu yana can yana jirana, Yaya yana nan yana tura ni. Shekarun nan masu yawa, kai fa?"

"Ni zan jira. In jiran bai yi ba, to dai kin zama abin da ya kamata ki zama."

Har faɗa suka yi, ta shige gida ba sallama. Mutum ɗaya tak a duniya da ke bayan Yaya Kabir a maganar nan da zuciya ɗaya, shi Yaya Kabir ya tafi nema da ƙarfe.

Rumfar Baba Ɗanasabe tana gindin dalbejiya, kusa da masallacin layi. Hannun tsohon ya fara rawa, ya daina aski sai dai ya zauna a gaisa. Yau ma Hamza ne ya ɗan fito daga asibiti bayan la'asar don ya aske wa mahaifinsa kai. Tsohon yana zaune a tabarma, kai duk kumfa, ɗan yana durƙushe da aska a hannu.

Hasana ta karyo kwana daidai lokacin da Kabir ya diro daga mota, ƙarfen kwance taya a hannunsa. Ɗan Panteka ne, mai sayar da kayan gyaran mota, ƙarfe ba baƙonsa ba ne.

"Kai ɗan wanzam! Taso!"

Hamza ya ɗago. Ya dubi Kabir, ya dubi ƙarfen, sannan ya dubi askar da ke hannunsa. Aska ce mai kaifin tsiya, yanzun nan ya gama wasa ta. Masu jiran sallah a bakin masallaci suka miƙe, kowa ya zuba wa hannun nan ido.

Sai Hamza ya naɗe askar, ya sa ta a zabira, ya ja zabirar ya tura ta bayan mahaifinsa.

Duk wanda ya tashi a gidan wanzamai ya san dalili. Askar nan ita ta yi wa Kabir askin suna yana jariri, hannun Baba Ɗanasabe ne ya yi masa kaciya. A gidansu Hamza, kan da askarsu ta taɓa da alheri ba a ɗaga masa ita da fushi, ko me mai kan ya yi.

Ya miƙe hannu biyu a sake. "Sannu da zuwa, Yaya Kabir. Lafiya?"

"Uban wa ne yayanka?"

Baba Ɗanasabe ya yunƙura, kumfa na gangaro masa a goshi. "Kabiru, ɗan nan, ajiye wannan abin. Zo ka zauna mu yi magana. Ni ne fa."

"Baba Wanzam, ba ruwanka! Ɗanka ya lalata min ƙanwa, ya hana ta karatu!"

"Yaya!" Hasana ta ƙwalla ƙara daga nesa. "Shi ya ce in tafi! Wallahi shi ya ce in tafi!"

Ko ya ji ko bai ji ba, Allah kaɗai ya sani. Ƙarfen ya riga ya tashi.

Na farko a hannu ya samu Hamza, don ya ɗaga ya kare fuskarsa. Ƙarar da ƙashin ya yi har bakin masallaci an ji ta. Hamza ya durƙusa, bai rama ba, bai gudu ba. Na biyu ya sauka a gefen kansa, sama da kunne.

Ya kife a kan tabarmar mahaifinsa. Kwanon ruwan askin ya tuntsure, ruwan ya gauraya da jini ya bi ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ya kashe shi! Jama'a, ya kashe yaron nan!"

Maza suka yi kan Kabir. Wani ya murɗe masa hannu ya ƙwace ƙarfen, wani ya kai masa naushi a baki, wani ya shaƙe shi ta baya. Rigarsa ta yage gida biyu. Samarin layin suka taso da duwatsu, suna cewa a gama da shi a nan. Tsohon nan da rabin kansa a aske shi ya faɗa tsakiyarsu, ya rungume Kabir.

"Kar wanda ya ƙara taɓa shi! Ɗana ne shi ma! Ku taimaka min da wancan, ku taimaka min da Hamza!"

Hasana ta riga ta zube a gabansa. Ta cire mayafin, ta dunƙule, ta danna a kan raunin. Nan da nan ya jiƙe, jinin yana bin tsakanin yatsunta da ɗumi.

"Hamza! Hamza, buɗe ido ka dube ni!"

Ya buɗe da ƙyar. "Leɓenki… wa ya fasa miki?"

"Yi shiru, don Allah yi shiru."

Asibitin unguwa shi ne mafi kusa, layi ɗaya ne tsakani. Maza suka ɗauke shi a tabarmar suka ruga, Hasana na biye, hannunta bai bar kansa ba. Suka kwantar da shi a kan bencin da ke baranda. Sai da gwiwarta ta taɓa katakon ta gane shi. Bencin Usaina ne dai, har ƙusar nan da ta fito a gefe tana nan.

Kande, mai shara da riƙon makulli, ta fito tana salati tana tafa hannu.

"Wayyo Allah, Malam Hamza ne! Wa zai duba shi? Shi ne fa mai dubawar! Shi kaɗai ne yau a bakin aiki!"

"Likita fa?" wani ya tambaya.

"Wane likita? Tun da na fara aiki a nan ban taɓa ganin likita ya zauna ba."

Hasana ta dubi ɗakin, ta dubi hannunta. Ta san sunan ƙwayoyin cuta fiye da yadda ta san sunan 'yan uwanta, amma ba ta san yadda ake tsayar da jinin nan ba. Ba ta san ko ƙashin kan ya fashe ba. Wani irin baƙin ciki ya taso mata, mai ɗaci, har ta ji kamar ta mari kanta.

"A nemo mota!" ta ce. "Keke Napep ba zai yi ba, sai an kwantar da shi. Ina Yaya? Motarsa tana gindin dalbejiya. Ku kawo shi!"

Aka shigo da Kabir a riƙe, baki na jini, ido a kumbure. Yana taka barandar ya ja ya tsaya. Tun ranar Usaina bai sake sa ƙafa a wurin nan ba, ko a mota ne sai ya canja layi.

Kande, baiwar Allah, ba ta san komai ba. Ta rasa abin da za ta yi wa mutumin da kullum yake gaishe ta da ladabi, sai ta yi abin da ta saba gani ana yi. Ta fito da gudu, ƙwaya biyu a tafin hannunta, kofin roba a ɗayan, ta miƙa wa wanda ta ji an ce shi ne mai mota.

"Ungo, bawan Allah. Ba shi ya sha, ku tafi da shi babban asibiti."

Kabir ya zuba wa tafin hannun nan ido.

Hamza ya motsa yatsunsa a cikin na Hasana. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da ta kai kunnenta bakinsa.

"Kar ki ce a kama shi. Kuma Litinin… ki tafi. Kin ji? Ki tafi."

"Ba inda zan tafi."

"Hasana…"

"Na ce ba inda zan tafi!" Ta ɗago, fuskarta duk hawaye da jini, ta dubi yayanta. "Yaya, ka ji da kunnenka. Shi yake kora ta zuwa inda kake so. Ka dake ni, ka dake shi, to yanzu na gama shawara. Ranar Litinin makarantar sha-ka-tafi zan je. Ina son binciken nan, Allah ya sani, kuma zan yi kukan rabuwa da shi. Amma sau biyu ke nan ina durƙusa a gaban bencin nan ina jiran likita. Ko Hamza ya tashi ko bai tashi ba, ni zan zama likitar da za a tarar a ɗakin nan."

Kabir ya kai hannu kamar zai karɓi ƙwayar, sai ya doke hannun Kande, kofin ya yi sama, ƙwayoyin suka gangara ƙarƙashin benci.

"Ba zai sha ba," ya ce. "Wannan ba zai sha ba."

Ya ture masu riƙe da shi. Ya sunkuya ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan Hamza, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya ɗaga shi cak, kamar yadda ake ɗaukar yaro. Hasana ta bi gefensa da gudu tana danne da mayafin. Baba Ɗanasabe na biye da su yana jan ƙafa, kumfar ta bushe masa a rabin kai.

A kujerar baya Hasana ta ɗora kan Hamza a cinyarta. Idonsa ya rufe. Ta kira shi bai amsa ba. Ta lalubi wuyansa da yatsu biyu, ta ji abin yana bugawa, amma can ƙasa, a hankali.

Kabir ya fizgi motar, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan ham. Yana tuƙi yana kuka irin na manya, mai fitowa daga ciki, bakinsa na maimaita magana ɗaya.

"Kar a tafi a bar ni. Saura kaɗan mu kai. Don Allah a yi haƙuri, saura kaɗan."

Hasana ta ɗauka da Hamza yake. Sai da suka hau babban titi, ya ƙara ɗaga murya, sannan ta ji sunan da yake kira.

Usaina yake kira.